Ƙara A Ƙafar Mota: Yadda Za Ka Gano Inda Ciwon Yake

Bayaninmu na wannan wata na direbobi ne, da masu mota, da yaran mota. Amma kai ma da ba ka da ko keke, kada ka tsallake shafin nan. Ai kai ake ɗauka ranar kasuwa, kai da buhunanka. Motar nan ce kuma ake nema cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama. Saboda haka lafiyarta ta shafi kowa a gari.

Sau da yawa kana cikin mota za ka ji wata ƙara daga gaba, ta wajen taya. Da an faɗa rami sai ka ji gwaf. Da an hau gargada sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas. Idan fasinja ya yi magana sai direba ya ce, "Haka take, ba komai." Wani lokaci gaskiyarsa, abin ƙarami ne. Wani lokaci kuwa taya ce ke shirin rabuwa da mota. Ga yadda za a bambanta su.

Mene ne ƙafar mota?

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne duk ƙarafan da suka haɗa taya da jikin mota. Ƙafar gaba ta fi ta baya wahala, domin aiki uku take yi. Tana ɗaukar nauyin inji. Tana shanye dukan ramuka. Ita ce kuma ke juya mota dama da hagu.

Ka dubi ƙafarka. Akwai ƙashi, akwai gaɓa, akwai guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Haka ƙafar mota take. Ga sunayen sassanta yadda za ka ji su a gareji.

Akwai sifirin, shi ne ke ɗauke da nauyin mota. Akwai shokozoba, wata gora ce mai mai a ciki, ita ke hana mota yin ta rawa bayan ta faɗa rami. Akwai wani ƙarfe kwance a ƙasa da ake kira lowa am, wato hannun ƙasa. Ɗaya bakinsa na jikin mota, ɗayan na wajen taya. A bakin da ke jikin mota akwai roba mai kauri, sunanta bushin. A bakin da ke wajen taya akwai boljoyin.

Boljoyin ƙwallon ƙarfe ne a cikin wani ɗan kofi, kamar kan taɓarya a cikin turmi. Yana juyawa ta kowane ɓangare, amma bai kamata ya yi tsalle a cikin kofin ba. An cika shi da giris, an rufe shi da 'yar hular roba don kada ƙasa ta shiga.

Sai tayarod. Shi ne sandan da ke kai saƙon sitiyari ga taya. Idan ka murɗa sitiyari, tayarod ne ke tura taya ko ya jawo ta. Shi ma yana da ƙaramin ƙwallo a bakinsa. A tsakiyar taya kuma akwai boris, wanda a kansa taya ke juyawa. Daga ƙarshe akwai wani dogon ƙarfe da ya ratsa daga ƙafar dama zuwa ta hagu, yana hana mota kwanciya a kwana. 'Yan sandunan da suka riƙe bakinsa su ake kira linkej.

Duk wuraren nan an yi su ne su motsa ba tare da sako-sako ba. Idan ƙarfe ya ci, ko roba ta mutu, sai a sami ɗan fili a tsakani. Makanikai na cewa wurin ya yi wasa. Wasan nan shi ne ke kawo ƙara, domin ƙarfe ne ke dukan ƙarfe.

Fara da kunne

Kafin ka ɗauki sifana, ka saurara. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka sa yaron motarka ya zauna gaba. Ku bi hanyar da kuka sani, a hankali, ba kaya. Abin da kuke nema shi ne lokacin da ƙarar ke zuwa. Lokacin shi ne rabin amsa.

Idan ƙarar ƙanana ce, ƙwas-ƙwas, tana zuwa a kan gargada ko tsakuwa, amma da an hau kwalta mai kyau sai ta yi shiru, to ka fara zargin linkej ko robobin dogon ƙarfen nan. Ta fi fitowa idan taya ɗaya ce ta hau tudu, ɗayar tana ƙasa. Wannan ce ƙarar da ta fi yawa, kuma gyaranta ya fi araha.

Idan kuwa duka ɗaya ne mai nauyi, gwaf, duk sanda aka faɗa rami ko aka hau tudun rage gudu, to ko boljoyin ne, ko shokozoba, ko robar da ke saman shokozoba.

Idan sai ka taka birki kake jin ƙwal, ko sanda ka tashi mota daga tsaye, ka dubi bushin na hannun ƙasa. Roba ce ta mutu, hannun na zamewa gaba da baya. Wani lokaci har za ka ji mota ta fizga gefe guda da ka taka birki.

Idan ƙarar na zuwa har cikin tafin hannunka ta sitiyari, to maganar tayarod ce ko rak ɗin sitiyari.

Idan kana shan kwana a hankali ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, tana ƙara sauri idan ka ƙara mai, wannan shaf ne. Za mu dawo kansa.

Boris shi ba ya ƙwanƙwasa da farko. Gurnani yake yi, wuuu, kamar jirgin sama na wucewa nesa. Gurnanin na ƙaruwa da gudu. Idan ka karkata dama ya ƙaru, galibi boris na hagu ne, domin nauyin mota ya koma kansa. Idan ka karkata hagu ya ƙaru, na dama ne.

Ga wata dabara. Idan kana jin kwaram-kwaram a kan gargada, ka ɗan ɗora ƙafa a kan birki, ba da ƙarfi ba, mota na tafiya. Idan ƙarar ta ɗauke nan take, to ba ƙafa ba ce. Takalmin birki ne ke rawa a mazauninsa, ko kusoshin gidan birki sun yi sako-sako.

Amma ka sani kunne na yaudara. Ƙarfe na ɗaukar ƙara ya kai ta wani wuri. Sai ka rantse daga dama take, alhali daga hagu ne. Don haka kunne zargi kawai yake yi. Hannu da ido su ne shaidu.

Kada ka raina ƙananan abubuwa

Abu na farko da za ka taɓa shi ne notin taya. Ka ɗauko sifanar taya ka gwada kowanne. Wannan ba ya cin ko minti biyar, kuma ba ya cin kwabo. Notin da ya saki na yin ƙara kamar ta boljoyin, kuma ya fi shi saurin kashe mutum. An fi samun haka bayan an je wurin mai faci. Idan ka ga ramin noti a jikin wili ya buɗe ya zama kamar ƙwai, ko ka ga jan tsatsa ya zubo daga gindin noti, to an daɗe ana tafiya da shi a sake. Wilin nan ya gama aiki. Idan za ka ɗaure noti, kada ka bi su a jere. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka ka ɗaure na daura da shi. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 ka sake gwada su.

Sannan ka duba ko batir na zaune daram, ko bonet na kulluwa sosai, ko salansa na dukan jikin mota, ko bamba ta saki. Jek da sifana da aka jefa ƙarƙashin kujera ma sun sha sa mutane kashe kuɗi a banza. Akwai kuma robar da inji ke zaune a kai. Idan ta tsage za ka ji dum sanda ka sa giya ko ka saki totur. Ita ba ruwanta da rami.

Gwaji a ƙasa

Ka ajiye mota a fili mai tauri, inda ba gangara. Ka je gaba ta dama, ka danna jikin mota da dukan ƙarfinka, ka saki. Mota mai lafiya za ta taso ta tsaya. Idan ta yi ta lilo sau biyu, sau uku, shokozoba ta mutu. Ka yi haka ta hagu. Ka leƙa bayan taya da tocila. Idan ka ga jikin shokozoba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, to man cikinta ya tsiyaye. Ka dubi sifirin ma. Yakan karye a can ƙasa, inda laka ke taruwa. Motar da ta karkata gefe guda ba kaya, ka zargi sifirin.

Yanzu sai sitiyari. Wannan aikin mutum biyu ne. Tayoyi na ƙasa, suna kallon gaba. Mutum ɗaya ya kama sitiyari ya riƙa girgiza shi, dama hagu, dama hagu, kaɗan-kaɗan da sauri. Ɗayan ya tsaya waje yana kallon taya. Ya kamata da sitiyari ya motsa taya ta amsa. A ƙananan motoci masu rak, wasan sitiyari bai kamata ya wuce faɗin yatsa ɗaya ba. Tsofaffin manyan motoci masu akwatin sitiyari sun fi haka wasa kaɗan. Amma idan sai an murɗa faɗin tafin hannu kafin taya ta ji, akwai matsala babba.

Ana cikin girgizawa, na wajen ya miƙa hannu ta bayan taya ya dafa kan tayarod. Idan ya ci, za ka ji yana bugawa a hannunka, ƙaf-ƙaf, kamar bugun zuciya. Ka dafa kawai, kada ka cusa yatsa tsakanin ƙarafa. Idan bakin waje lafiya lau amma kana jin bugun ta cikin robar nan mai kama da zugazugi, to na ciki ne ya ci, ko rak ɗin kansa. Idan robar ta yage ko mai na ɗiga daga cikinta, ka nuna wa bakanike.

Daga nan sai a murɗa sitiyari gaba ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mota na tsaye. Ka buɗe bonet ka dafa saman shokozoba. Idan kana jin tsalle, ko sifirin na yin gau kamar an saki baka, to ɗan boris da ke saman shokozoba ya ƙafe.

Ɗaga mota

A nan sai mu yi magana da babbar murya. Jek na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba. Kada ka kuskura ka sa kanka ko ƙirjinka ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Ƙasar ƙauye rairayi ce, jek na nutsewa ko ya goce. Ka ja birkin hannu. Ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Ka shimfiɗa katako mai faɗi ƙarƙashin jek. Idan mota ta tashi, ka tura kututturen itace mai ƙwari ƙarƙashin ƙarfen jikinta. Ban da bulo na siminti ko tubalin ƙasa. Waɗannan fashewa suke yi farat ɗaya, ba sallama. Ka kuma kori yara daga wurin.

To, taya ta bar ƙasa. Ka kama ta da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ka tura sama ka jawo ƙasa, ka tura ƙasa ka jawo sama. Bai kamata ka ji komai ba. Idan ka ji tana ƙwal-ƙwal, abu biyu ne: ko boljoyin ko boris.

Yaya za ka raba su? Ka sa yaronka ya shiga ya taka birki da ƙarfi, ya riƙe. Ka sake girgiza taya. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Dalili kuwa birki ya damƙe taya ya haɗa ta da ƙarfen da ke bayanta, boris ba shi da sauran wurin motsi. Idan wasan na nan duk da birki, to boljoyin ne, ko bushin. Wannan gwaji ya cancanci ka haddace shi, domin ya hana a sayar maka da abin da ba ka bukata.

Sai ka sauya hannu. Ka kama taya gefe da gefe, hannu ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Ka girgiza. Wasan da za ka ji a nan na tayarod ne. A sa wani ya riƙe sitiyari kam, don kada motsin sitiyari ya ruɗe ka.

Sannan ka juya taya da hannu, da sauri. Ka saurara. Ɗan gogar birki ba komai ba ne. Amma idan ka ji gurza kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Ka dafa sifirin taya na juyawa, za ka ji karkarwar a hannunka.

Akwai boljoyin mai ɓoye ciwo. Ƙarfin hannu ba ya isa ya motsa shi. Sai ka samo dogon ƙarfe ko taɓarya mai ƙwari, ka sa ƙarƙashin taya, ka yi ta ɗagawa kana saki. Wani ya tsuguna gefe da tocila yana kallon boljoyin. Idan ya ga ƙwallon na hawa da sauka a cikin kofinsa, ya mutu. A wasu motoci ma sifirin na danne shi ko da an ɗaga mota, sai wasan ya ƙi fitowa. Bakanike ya san inda ake sa jek a irin waɗannan. Saboda haka idan kana jin gwaf a hanya amma hannu bai nuna komai ba, kada ka ce shi ke nan.

Tun da taya na sama, ka dubi robobi ɗaya bayan ɗaya. Hular boljoyin, hular tayarod, bushin. Duk hular da ta yage, ƙasa ta riga ta shiga. Giris da rairayi idan sun haɗu, sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su yi ta cin ƙarfe. Bushin kuwa za ka ga ya tsattsage kamar dugadugi da hunturu, ko ya fito daga mazauninsa. Idan baƙin mai na ɗiga daga inji a kansa, zai kumbura ya yi laushi. Ko ka sa sabo, in ba ka toshe yoyon ba, 'yan watanni zai yi. Linkej kuma ka kama shi ka girgiza. Mai lafiya ba ya motsi a hannu.

Tayar kanta na ba da labari. Idan gefe ɗaya ya suɗe, ɗayan na da sauran zane, ƙafa ta karkace. Idan ka shafa ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, shokozoba ce ta bar taya na tsalle a kan hanya.

Maganar shaf

Ba kowace mota ke da shaf a gaba ba. Peugeot 504 da 404, irin waɗanda suka cika hanyoyinmu bayan an buɗe masana'antar haɗa su a Kaduna a 1975, da tayoyin baya suke ja. Haka bas ɗin Hiace. Idan motarka irin wannan ce, wani ya ce maka shaf ɗin tayar gaba ya lalace, ka nemi wani bakaniken. Amma Golf, da Sharon, da J5, da yawancin ƙananan motocin yanzu, da gaba suke ja. Kowace tayar gaba na da shaf da ke kawo mata ƙarfi daga giya.

Ka sami fili, kamar filin ƙwallo ba kowa. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a giya ta ɗaya. Ka sake yi ta ɗaya hannun. Idan ƙas-ƙas ta fito, kan shaf ya ci. Ka leƙa bayan taya, za ka tarar robarsa ta yage, baƙin giris ya fantsama a cikin wili. Abin takaici shi ne robar ba ta da tsada. Da an gan ta da wuri an wanke an sa sabon giris da sabuwar roba, da shaf ya tsira. Amma idan ya fara ƙara, sai dai a sauya kan.

Wanne ne ke iya jira, wanne ne ba ya jira?

Linkej na iya jira har ka dawo daga kasuwa. Shokozoba na iya jira 'yan kwanaki, in ka rage gudu da kaya, ko da yake mota mai matacciyar shokozoba ba ta tsayawa da wuri idan an taka birki. Shaf kan yi ƙara na wani lokaci kafin ya tsinke, kuma idan ya tsinke mota ba ta tafiya, sai ja.

Notin taya, da boljoyin, da tayarod, waɗannan uku ba sa jira. Idan boljoyin ya fice daga kofinsa, taya kan lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota, gaban mota ya daki ƙasa. Duk wanda ke bin hanya ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa kamar raƙumi, taya ɗaya ta kwanta. To wannan ne. Wanda abin ya same shi yana tafiya a hankali ya yi sa'a. Idan tayarod ya fice kuwa, sitiyari na hannunka amma taya ba ta jin maganarka. Ba direban da ƙwarewarsa za ta cece shi a nan. Boris ma idan ya kai ga wasa da zafi, ya shiga sahunsu. Bayan tafiya ka kusantar da hannu tsakiyar wili. Idan ɗaya ya fi ɗan uwansa zafi nesa ba kusa ba, ko boris ne ko birki ne ya kama.

Idan ka gano ɗayan waɗannan, ka sauke fasinja. Kuɗin lodi ɗaya bai kai ran mutum goma ba. Ka lallaɓa mota a hankali zuwa gareji mafi kusa, ko ka ɗauko bakanike a babur.

A gareji

Ka gaya wa bakanike abin da ka ji da lokacin da kake jinsa. Kada ka ce masa, "Ƙafa na ƙara," ka tafi shan shayi. Ka ce, "Malam, a rami take yi, ta hagu, kuma na girgiza taya sama da ƙasa na ji wasa." Zai san da mai ido yake magana. Ka roƙe shi ya nuna maka wasan da hannunka kafin a sayi komai. Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan. Idan an gama, ka karɓi tsohon abin da aka cire.

Akwai wasu dabaru da ake yi don sauƙi, waɗanda ba mu yarda da su ba ko kaɗan. Wasu na dukan kofin boljoyin da guduma don ya matse. Wasu na cusa guntun roba ko leda a ciki. Wasu na kai tayarod da ya lanƙwashe wurin mai walda a gasa a miƙe. Ƙarar kan ɗauke na mako ɗaya ko biyu, amma ƙarfen ya riga ya ci, kuma wuta na kashe ƙwarin ƙarfe. An kashe ƙarar da ke yi maka gargaɗi ne kawai, ciwon na nan. Boljoyin da tayarod ba a gyara su, sauya su ake yi. Haka kuma notin da ke da rami na sa fil, a sa masa fil ɗinsa sabo. Ban da ƙusa ko waya.

Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Panteka ta Kaduna, ko shagon garinku, ka tafi da tsohon a gwada. Idan na hannu za ka saya, wanda ake kira ɗan Kwatano, ka murɗa ƙwallon da hannu. Mai kyau na da tauri, da ƙyar yake juyawa. Wanda ke lilo da kansa ya gama yayi. Ka duba hularsa ba tsaga. Sabo ma akwai jabu. Wanda arharsa ta yi yawa, ka yi tunani.

Shokozoba biyu ake sauyawa tare, dama da hagu, don kada mota ta riƙa ja gefe. Idan an sa sabon bushin, kada a ƙarasa ɗaure kusoshinsa sai an sauke mota ta zauna kan tayoyinta. In an ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri. A wasu tsofaffin motoci masu ja da baya, boris na gaba na da noti da ake ɗan matsewa a rage wasa. Amma matsewar da ta wuce kima na ƙona shi. Wannan aikin wanda ya iya ne.

Duk sanda aka taɓa tayarod ko hannun ƙasa, sai an saita ƙafa, abin da ake kira alaimen. Bakanike kan ƙirga zagayen da ya yi wajen kwance tsohon, ya mayar da sabon daidai haka. Wannan zai kai ka gari ne kawai. Ka kai ta inda ake da na'urar saiti, in ba haka ba sabuwar taya za ta suɗe cikin 'yan makonni.

Abin da ke kashe ƙafa da wuri

Na farko lodi. An yi mota don mutum biyar, sai a sa mata tara, a ɗora buhunan masara a but har bamba na share ƙasa. Sifirin ya danne har ƙarshe, ba sauran wurin motsi. Duk ramin da aka faɗa, kai tsaye dukan ke zuwa kan boljoyin. Jami'an hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, ba don mugunta suke tare irin wannan lodi ba.

Na biyu gudu a kan burji. Wasu na cewa in ka yi gudu ba ka jin gargada. Kai ne ba ka ji, ƙafa na ji. Kuma kada ka faɗa rami da birki a take. Ka rage gudu tun kafin ka isa, ka saki birki, taya ta gangara da kanta. Iskar taya ma idan ta yi yawa, taya kan yi tauri kamar dutse, ta tura wa ƙafa dukan duka. Yawancin motoci na da 'yar takarda a jikin ƙofar direba da ke nuna iskar da ta dace.

Na uku ruwa da laka. Da damina ana ratsa rafi da mota, ruwa ya wanke giris, laka ta bushe a kan robobi. Idan ka dawo ka wanke ƙarƙashin mota. Tsofaffin motoci da a-kori-kura da yawa na da 'yan nonuwa a jikin gaɓoɓinsu inda ake ɗura giris da famfo. Idan taka na da su, ka ɗura duk sanda ka yi juyen baƙin mai, har sai ka ga tsohon giris ya fara fitowa. Ƙananan motocin yanzu ba su da su, an rufe gaɓoɓin tun daga masana'anta. Su hular roba ce kaɗai ke tsare su, don haka ka riƙa leƙa ta da tocila farkon damina da ƙarshenta, da kuma duk ranar da ka cire taya don faci.